Yadda Ake Shirya Hutun Bakin Teku Daga Kebbi: Gran Popo da Garuruwan da ke Kusa da Shi

Mutumin Kebbi ya san ruwa. Akwai Kwara a Yawuri da Lolo, akwai gulbin Argungu, akwai fadamar da ke cika kowace damina. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne teku, kuma masu zuwa Legas ko Kwatano fatauci sukan hango shi ne ta tagar mota su wuce. Wannan bayani na wanda yake son ya je ya zauna kwana uku ko huɗu ne a ƙaramin gari mai shiru a gaɓar teku, ya ga kunkurun teku da tsuntsaye da dajin ruwan gishiri, ya dawo gida lafiya. Na gina shi a kan Gran Popo da ke Jamhuriyar Benin, wanda a allon hanya za ka ga an rubuta Grand-Popo, domin shi na fi sani kuma shi ya fi dacewa da mai farawa. Inda wani abu ya gagara, zan faɗi madadinsa.

Abubuwan da za ka tanada

Takardu su ne gaba. Kana bukatar fasfo mai sauran wa'adi ko takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS da hukumar shige da fice take bayarwa. Ɗan Najeriya ba ya bukatar biza zuwa Benin, Togo ko Gana, yana da izinin zama har kwana 90. Sai katin rigakafin shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa, wanda jami'an lafiya na tashoshin jiragen sama da kan iyakoki suke bayarwa. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yin ta, amma daga nan ta ishe ka har ƙarshen rayuwa. Kada ka bar ta sai jajibirin tafiya. Kowane yaro ma da nasa fasfo da nasa kati. Ka ɗauki hoton dukkan takardun a waya, ka kuma yi kwafinsu ka sa a wata jaka daban.

Sauran kaya:

- Tufafi marasa nauyi na auduga. Shadda mai sitaci da babbar riga su zauna a gida, zufar can ba ta barin su. Mata su ɗauki hijabi mara kauri, matsakaici, da zane ko doguwar riga mai saurin bushewa.
- Silifa na roba da kuma takalmi rufaffe guda ɗaya don shiga taɓo.
- Malafa, da man shafawa na korar sauro, da gidan sauro idan masaukin da za ka sauka mai araha ne.
- Maganin zazzaɓin cizon sauro, da gishirin haɗa ruwan gudawa, da duk maganin da kake sha kullum, a cikin kwalinsa tare da takardar likita.
- Tocila mai jan haske. In babu, tocilar gida da ƙyallen jan yadi da za ka ɗaure mata a baki da roba.
- Madubin hangen nesa, ko da na aro ne.
- Rigar ruwa mai hana nutsewa, musamman ta yara.
- Jakar roba mai zif don waya da fasfo, da abin cajin waya na hannu, da kan soket mai ƙafa biyu zagayayyu, don irinsa ake amfani da shi a Benin.
- Buta ƙarama da darduma mara nauyi.

Kuɗin Benin sefa ne. Ka canza a Kamba ko Birnin Kebbi wajen wanda ka sani, ko a Seme, kan iyakar Legas da Benin, amma ka fara tambayar farashin ranar a wuri biyu ko uku. Ka nemi ƙananan takardu na 500 da 1000 da 2000 da kuma tsaba, saboda canji yana wahala a ƙauyukan gaɓa, kuma mai kwalekwale ba zai iya fasa maka 10,000 ba. Idan da Bahaushe ko Badende kake ciniki, ka tuna lissafinsu da dala ne: dala ɗaya sefa 5, dala ɗari sefa 500, jaka ɗaya sefa 1000. Kada ka dogara da katin banki.

1. Ka zaɓi gari ɗaya

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya jera gari huɗu a mako guda, ya ƙare hutunsa a cikin mota. Dabbobin da ka je gani ba sa fitowa a kan jadawalinka, wanda ya kwana uku a wuri ɗaya ya fi ganin abu a kan wanda ya taka gari biyar.

Gran Popo yana da nisan kimanin kilomita 85 yamma da Kwatano, dab da iyakar Togo. Gari ne siriri da ya miƙe tsakanin teku da kogin Mono, bishiyoyin kwakwa a jere, babu manyan benaye, babu cunkoso. Yankin yana cikin gandun Mono da UNESCO ta amince da shi a 2017, wanda Benin da Togo suke tarayya a kansa.

Wanda ba shi da fasfo ya tsaya Badagiri a jihar Legas. Akwai gaɓa mai faɗi, akwai tafki da ake tsallakawa da jirgi zuwa tsibirin Gberefu inda aka riƙa loda bayi, akwai benen nan da 'yan mishan suka gina a 1845. Namun daji ba su kai na Gran Popo ba, amma za ka iya haɗawa da gandun Lekki, wanda aka kafa a 1990, mai birai da kadoji da gadar sama mai tsawon mita 401 a tsakanin bishiyoyi. Wanda kuma yake jin Turanci kuma aljihunsa ya fi nauyi zai iya zarcewa Ada Foah a Gana, inda kogin Volta yake shiga teku, can ma kunkuru yana hawa gaɓa. Sai dai iyaka uku za ka tsallaka ta mota, ba na ba mai farawa shawarar haka.

2. Ka zaɓi lokaci

Kudancin Benin damina biyu gare shi: babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama a Satumba zuwa Nuwamba. Lokacin da ya fi daɗi shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ruwan sama ya ɗauke, kunkuru yana ƙwai, tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai sun sauka a fadamun gaɓa, mu kuma a gida an gama girbin damina. Hunturu yana kaiwa can amma da sauƙi, ba za ka bukaci rigar sanyi ba.

Idan shiru kake nema, ka kauce wa makon Kirsimeti da sabuwar shekara, da kwanakin da ke kewaye da 10 ga Janairu, lokacin bikin addinin gargajiya na Vodun da ke cika garin Wida da kewaye, da kuma bikin Nonvitcha na mutanen Gran Popo da ake yi wajen Mayu ko Yuni. A waɗannan ranaku ɗaki yana tsada kuma kiɗa ba ya tsayawa. Ka iso ranar Litinin ko Talata, ka bar garin kafin mutanen Kwatano su zo hutun ƙarshen mako.

3. Ka zaɓi hanya

Hanya biyu ce daga Kebbi. Ta arewa ita ce ka shiga Benin ta wajen Tsamiya zuwa Segbana, ka fita Kandi, ka hau babbar mota ta bi Paraku har Kwatano. A da mutane suna bi ta Kamba zuwa Gaya su haye gada zuwa Malanbil, amma tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 wannan gada ta shiga rikicin rufe iyaka. Daga Malanbil zuwa Kwatano ya haura kilomita 700, tafiyar yini cur ce. Daɗin wannan hanya shi ne Hausa da Dendanci suna yi maka aiki har Paraku. Illarta kuma ita ce arewacin Benin, musamman kewayen gandun dajin W, yana fama da hare-haren 'yan bindiga a shekarun nan. Kada ka bi ta sai ka tambayi direbobin da suka dawo cikin makon, kada kuma ka bi ɓarauniyar hanya. Wanda ya shiga ƙasa babu hatimi a fasfonsa, duk shingen da ya tarar a gaba sai ya yi bayani.

Ta kudu ita ce Jega, Koko, Yawuri, Kontagora, Mokwa, Jebba, Ilori, Ibadan, Legas. Ta fi tsawo, kuma ita ma akwai wuraren da ba a bi da dare. Mai iyali, in da hali, ya hau jirgi daga Birnin Kebbi ko Sakkwato zuwa Legas, ko da sai ya sauya a Abuja. Daga Legas ka je tashar Mile 2 da sassafe ka hau motar Seme. Hanyar Badagiri cike take da shingayen jami'ai, ka sa fasfo a aljihun gaba, ka amsa abin da aka tambaye ka kawai.

Ka bar motarka a gida. Shigar da ita yana bukatar inshorar ECOWAS da takardar izinin kwastan, ga dokokin hanya da ba ka saba da su ba.

4. Tsallaka iyaka da isa garin

A Seme akwai ofishin haɗin gwiwa na ƙasashen biyu da aka buɗe a 2018. Kana sauka daga mota samari za su yanyame ka, kowa yana cewa zai tsallakar da kai. Kada ka miƙa wa kowa fasfonka sai jami'in da ke zaune a bayan tebur cikin kaki. Najeriya ta buga maka hatimin fita, a duba katin rigakafi, Benin ta buga na shiga. Kafin ka bar tagar, buɗe fasfon ka duba hatimin da kwanan watan da idonka.

Daga nan tasi zuwa Kwatano, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba in babu cunkoso. Idan yamma ta yi maka, ka kwana a unguwar Zongo. Akwai babban masallaci, akwai abincin gida, akwai masu canji, kuma a nan za ka sayi layin waya na MTN ko Moov ko Celtiis da fasfonka. Agogon Benin ɗaya ne da namu, Togo da Gana ne suke bayanmu da awa ɗaya.

'Yan kabu-kabun Kwatano, waɗanda ake kira zem, rigarsu ruwan ɗorawa ce mai lamba. Ana tsananta dokar hular kwano har ga fasinja, kada ka hau babu ita. Ka ce a kai ka inda ake lodin motocin Lome ko Hillacondji da ke kan iyakar Togo, duk ta Gran Popo suke bi. Za ku wuce Wida da Kome, ku haye gadar Mono, tafiyar kamar awa biyu. Ka gaya wa direba sunan masaukinka tun a tasha, domin garin dogo ne, idan aka sauke ka a wani gefe sai ka sake hawa babur.

Rashin Faransanci ba ya hana tafiya. Ka buɗe kalkuletar waya, mai kaya ya rubuta farashinsa, kai ma ka rubuta tayinka.

5. Masauki, abinci da salla

Masaukai a jere suke a bakin gaɓa, daga bukkokin ciyawa zuwa otal mai wurin ninƙaya. Ka nemi a nuna maka ɗakin kafin ka biya. Ka buɗe famfo ka ɗanɗana ruwan, wasu rijiyoyin suna da gishiri-gishiri. Ka duba ragar taga da gidan sauro, ka tambaya ko akwai janareta, ka kuma tambaya ko suna kiɗa da dare. Wasu wuraren mashaya ce da ɗakuna a bayanta, mai iyali ya nemi wanda ɗakunansa suke nesa da wurin shan.

Abinci ba shi da wuya idan ka tsaya kan kifi. Gasasshen kifi da jan tuwon masara da suke kira amiwo, ko ablo, wani farin abinci mai laushi da ake turarawa, ko soyayyar doya, duk suna nan. Ana cin naman alade sosai a kudancin Benin, don haka ka riƙe kalmar porc, wato naman alade da Faransanci, ka tambaya kafin a zuba maka miya. Farin abin sha da za a iya miƙo maka a ƙaramin kofi don marhabin, sodabi ne, barasa ce mai ƙarfi, ka yi godiya ka ce ba ka sha. Ba sa jin haushi. Ruwan sha na gora ko na kwakwa.

Gaɓar Benin kudu take kallo. Idan ka tsaya teku yana hannunka na dama, gabas kake fuskanta, sai ka ɗan karkata hagu, ka sami alƙibla. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, amma ka ɗebo a buta ka koma kan busasshen yashi, kada ka tsuguna inda igiyar ruwa take kaiwa. Juma'a kuwa ka tambayi masu shago ko masu nama, yawanci za ka tarar da namu a cikinsu, su nuna maka masallaci.

6. Ranar farko: ka koyi halin teku kafin komai

Nan ne nake so a fi saurarena, musamman 'yan Yawuri da Argungu da suka tashi cikin ruwa. Iya iyo a Kwara ba ya nufin komai a wannan gaɓa. Gulbi yana tafiya gefe ɗaya, kana ganin inda ya nufa. Teku kuwa yana zuwa ne yana komawa, kuma komawar ita ce mai kisa. Gaɓar Gran Popo tana da gangara, taku uku daga inda ruwa yake iya idon sawu sai ka ji babu ƙasa. Igiyar tana dukan mutum ta kayar da shi, yashin da ke ƙarƙashin ƙafarsa ya zame, kafin ya miƙe ta biyu ta iso. Ka lura za ka ga su kansu 'yan garin, in ba masunta ba, ba sa shiga.

Akwai kuma wata hanyar ruwa da ke ja zuwa ciki. Daga gaɓa ana gane ta: wuri ne da igiya ba ta fashewa, ruwan ya fi duhu ko ya yi gurɓataccen launi, kumfa tana tafiya can cikin teku maimakon ta zo gaɓa. Wurin da ya fi kama da natsuwa shi ne ya fi haɗari. Idan tsautsayi ya sa ta ja mutum, kada ya yi kokawa da ita ya nufo gaɓa kai tsaye, gajiya ce za ta ci shi. Ya bar jikinsa ya yi sama, ya ɗaga hannu, ya yi iyo gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga cikinta. Wanda ke tudu kuma kada ya faɗa ceto, ya kwala wa masunta kira, ya jefa jarka ko duk abin da ke yawo a kan ruwa.

Dokata ga iyali ita ce ruwa kada ya wuce idon sawu, kuma babu mai juya wa teku baya don ɗaukar hoto. Yaro ana riƙe da hannunsa. Hajiya ta tattare hijabinta, domin jiƙaƙƙen yadi yana da nauyi kuma ruwa yana kama shi. Mai sha'awar iyo ya yi a wurin ninƙayar otal.

Teku yana cika yana janyewa sau biyu a yini, tsakanin cika da janyewa kamar awa shida, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Yana bin wata ne: cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar. Kada ka shimfiɗa darduma ko ka ajiye takalmi a kan yashi mai laima.

Sauran yinin ka huta. Da safe ka fita ka kalli jan koma. Kwalekwale ya kai ragar can ciki tun asuba, sai mutum talatin ko fiye su jeru a kan igiya biyu, suna ja da baya taku-taku, ɗaya yana ba da waƙa sauran suna amsawa, wanda ya kai ƙarshen layi ya saki ya dawo gaba ya sake kamawa. Ana ɗaukar awanni. Mata suna zaune a gefe da manyan kwanoni suna jira, balbelu da shirwa suna kewayawa. In ka kama igiyar ka taya su za su yi murna, amma ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton kowa.

7. Rana ta biyu: kogin Mono da bakinsa

Wannan ita ce babbar fita. Tun daren jiya ka sa mai masauki ya haɗa ka da ɗan jagora da mai jirgi. Ku gama magana a kan abu huɗu kafin ka ba da ko sisi: kuɗin na jirgi ne gaba ɗaya ko na kowane mutum, man inji yana ciki ko babu, wuraren da za a tsaya, da rigar ruwa. Rabi kafin tashi, rabi bayan an dawo. Idan babu rigar ruwa kuma ba ka zo da taka ba, ka nemi wani jirgin. Mu da muka san abin da hatsarin jirgin ruwa yake yi mana a Kwara kusan kowace shekara bai kamata a roƙe mu a kan wannan ba.

Ku tashi da an sallame asuba. Ƙarfe goma tsuntsaye sun shige inuwa, rana kuma ta fara dukan ruwa tana dawo maka a fuska. Wurin da za ku nufa shi ne Bouche du Roy, inda Mono yake fasa yashi ya shiga teku. Bakin ba ya zama wuri ɗaya, yana matsawa da shekaru, kuma madatsar Nangbeto da aka gina a kan kogin cikin Togo a 1987 ta sauya yadda ruwa da yashi suke sauka. A hanya za ku wuce Gbekon, tsohon garin, inda ragowar gidajen 'yan kasuwar zamanin Turawa suke tsaye, teku ya riga ya cinye wani sashe.

Abin da zai fi ba ka mamaki shi ne dajin da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, wanda ake kira mangurof. Saiwoyinsa a waje suke, sun sauko daga jikin itacen sun kafe cikin taɓo, ƙananan ƙaguwa suna hawa suna sauka a kansu. A cikin waɗannan saiwoyi kifi da jatan lande suke hayayyafa, shi ya sa ake hana sare shi. Ka roƙi mai jirgi ya kashe inji a nan ya koma tuƙi da gora. Ku yi shiru minti goma. Za ka ga zalɓe iri-iri, da balbela fara da baƙa, da ɗan tsuntsun nan mai shuɗin baya da dogon jan baki da ke faɗawa ruwa ya fito da kifi, wani lokaci da guza kwance a reshe. Akwai ayu a wannan ruwa, irin wanda Sarkawa suka sani a Kwara, amma ganinsa sai an dace ƙwarai, kada wani ya karɓi kuɗinka da alkawarin zai nuna maka. In ba ka da madubin hangen nesa, ka zauna a gaban jirgi, ka bar ɗan jagora ya riƙa nuna maka da hannu, ka daina ƙoƙarin ɗaukar kowane tsuntsu a waya.

Za a tsaya da ku a ƙauyen masu gishiri. Mata suna kankare ƙasar fadama, su zuba a manyan kwanduna, su kwarara ruwa ya tace, su dafa ruwan a kan wuta har ya zama farin gishiri, kusan yadda ake yin gishirin Foga a wajen Gaya. Ka sayi ƙulli ɗaya ko biyu, ya fi ka raba wa yara kuɗi.

Mutanen yankin da yawa masu addinin gargajiya ne. Za ka ga wuraren tsafi a bakin ƙauye, da wani abu mai siffar bukkar ciyawa da suke kira Zangbeto, har a cikin dajin ruwan ana kafa alamarsa don hana saran itace. Kada ka taɓa, kada ka yi dariya, kada ka ɗauki hoto. Idan ba ka son a kai ka irin waɗannan wurare, ka gaya wa ɗan jagora tun farko cikin ladabi, zai tsallake su.

A bakin kogin kansa kada jirgi ya matsa inda ruwan biyu suke karo. Ku sauka a kan yashi daga gefen kogi ku taka da ƙafa.

8. Daren kunkuru

Kunkurun teku iri huɗu ne suke zuwa gaɓar Benin. Wanda aka fi gani ƙarami ne mai launin toka-kore, nauyinsa wajen kilo 40. Babban kuwa, mai baƙin baya mai taushi da layuka a tsaye maimakon ƙoƙo, yana iya haura kilo 300. Macen tana fitowa da dare, ta ja jiki zuwa busasshen yashi, ta haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai wajen ɗari, ta rufe ta koma. Bayan kamar wata biyu 'ya'yan su fito. Zafin yashi ne yake raba jinsinsu, in ya yi zafi mata su fi yawa.

Kada ka fita nema kai kaɗai. Akwai masu gadin gaɓa 'yan sa kai da ke aiki da ƙungiyar Nature Tropicale, suna sintiri da dare, suna kwashe ƙwan da ke cikin haɗari zuwa wani killataccen wuri har su ƙyanƙyashe. Mai masauki ya san su. Ka ba su lambarka su kira ka in ta fito, ka kwanta da kayanka a jiki.

In an kira ka, ka sa tufafi masu duhu. Farin haske yana korar ta, tana iya juyawa ta koma ruwa ba ta yi ƙwan ba, don haka jan haske kawai, shi ma a ƙasa. Waya a aljihu, babu filasha. Ku tsaya nesa har sai mai gadi ya ce ta fara zubawa, sannan ku matso ta bayanta, ba ta gabanta ba. Za ka ji numfashinta mai nauyi, ka ga ruwa yana zuba daga idonta. Gishiri ne take fitarwa, ba ciwo ba ne. Babu taɓawa, babu ɗora yaro a bayanta, kuma in ta juya za ta koma a buɗe mata hanya.

Ana iya kwana uku ba ta fito ba, wannan ba laifin kowa ba ne. Madadinsa shi ne ka tambayi ranar da za su saki 'ya'yan da suka ƙyanƙyashe, yawanci da sassafe ko da yamma. Ana ajiye su a kan yashi ne su taka da kansu zuwa ruwa, kada ka ɗauka ka jefa su ciki. Ka ba masu gadin abin da ya sawwaƙa. Duk wanda ya kawo maka tallan ƙwan kunkuru ko namansa ko ƙoƙon bayansa, ka ƙi, doka ta hana kuma sayen ne yake sa a ci gaba da kashe su.

9. Sauran lokaci da komawa gida

In kana da ragowar yini, Wida tana kan hanyarka ta komawa. Akwai hanyar da bayi suka bi zuwa gaɓa, mai tsawon kusan kilomita huɗu, da ƙofar tunawa da aka gina a ƙarshenta a 1995. Rabin yini ya isa.

Kafin ka haɗa kaya, ka wanke silifa da zif ɗin jaka da ruwan daɗi, ka goge waya da madubi da ɗanyen ƙyalle, iskar gishiri tana sa tsatsa cikin 'yan kwanaki. Kayan da ka wanke jiya da wuya su bushe, ka sa su a jaka daban. Sharar da ka tara, musamman robobi, ka fito da ita daga gaɓa, kunkuru yana haɗiye leda ya mutu.

Ka isa Seme da rana tsaka, ka karɓi hatimin fita na Benin da na shiga Najeriya, ko da wani ya ce maka ba dole ba ne. Rashinsa zai tashi a tafiyarka ta gaba. Ka canza ragowar sefa a nan, ko ka riƙe ta in kana da mai karɓa a Kamba. Kada sha'awar araha ta sa ka ɗauko buhun shinkafar waje ko kajin kankara ko dilar gwanjo, kwastan suna kama su a hanyar Badagiri, kuma kada ka karɓi saƙon wanda ba ka sani ba komai ƙanƙantarsa. Gishirin Mono da busasshen kifi kaɗan da man kwakwa sun isa tsaraba.

Idan zazzaɓi ya kama kai ko yaro cikin mako biyu da dawowa, a je a yi gwajin jini a ranar, a kuma gaya wa ma'aikacin lafiya inda aka je.